Mako na biyar: hasumiyoyin San Siro sun tsaya da ƙafarsu

'Yan'uwa masu aikin kwali, barkanmu da warhaka. Kun san tun watan jiya nake fama da haɗa samfurin filin ƙwallon San Siro na birnin Milan da kwali. Hawa na farko da na biyu ba su wahalar da ni ba, a na uku ne na sha ƙasa. Na ɗora shi a kan na biyu na shafa gam na kwanta, kafin gari ya waye ya lotsa ta tsakiya, bangon ƙasa ya dare.

Laifina ne, domin magina ba haka suka yi ba. Filin da Piero Pirelli, shugaban AC Milan, ya sa aka gina a 1926 rumfuna huɗu ne kawai, kowace a ware. Hawa na biyu ya zo a 1955. Da gasar cin kofin duniya ta 1990 ta ƙarato, ba su jibga wa tsohon ginin sabon nauyi ba, sai suka kafa hasumiyoyin kankare 11 a wajensa, su ne suka ɗauki hawa na uku. Huɗu na kusurwa suka zarce sama suka riƙe jajayen ƙarafunan nan masu ɗauke da rufi. Wato duk abin da ke sama da ƙafarsa yake tsaye, ni kuwa na goya wa tsoho.

Sai na rushe na fara da hasumiyoyi. Bututun wayarin na roba na yanka, na cika kowanne da yashi na toshe, don kada rufi ya rinjaye shi. Hanyar da take nannaɗe jikin hasumiya, wadda 'yan kallo suke bi su hau, ita ta cinye mini kwana shida. Kwalin taliya karyewa yake idan aka lanƙwasa shi, bangon littafin makaranta ya fi biyayya. Ku fara zana layin da fensir, ku riƙa manna kaɗan kaɗan, domin a hunturun nan gam ba ya jiran kowa.

Wani ya tambaye ni ko na manta gefe ɗaya ne. Ban manta ba. Hawa na uku gefe uku kawai ya zagaye, ta gabas filin tseren dawaki ya tare wurin a lokacin da aka gina shi. Wannan giɓin shi ya fi burge ni a ginin, kuma ta nan mai kallo zai leƙa ya ga ciyawar filin, inda ɗan wasan Kamaru Omam-Biyik ya ci Ajantina da ka a wasan buɗe gasar 1990, Kamaru ta yi nasara 1-0.

Yanzu saura rufi. Tsinken tsire na haɗa a matsayin ƙarafuna, amma yana shanye jan fenti ya koma ruwan ƙasa. Wanda ya taɓa shafa farin fenti a ƙasa kafin ja, don Allah ya gaya mini shafi nawa ya yi.