Aikinmu na gina ramin gas na kashin shanu

Ranar da na fara koyon wannan aiki, maigidana ya miƙo mini cebur ya nuna tarin kashin shanu, ya ce in dama shi da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, har ya yi laushi babu gudaji. Na yi wata guda ina damu kafin ya yarda na taɓa siminti.

Ramin da muke ginawa mai kubba ne a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ya yaɗu a Sin. Idan aka rufe shi iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya ke cinye kashin su fitar da gas, wanda kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari nasa mithen ne, shi ke kama wuta shuɗiya. Kilo 25 na ɗanyen kashi kan ba da kusan kubik mita ɗaya na gas. Gidan da ke da shanu uku ko huɗu sai ya rage sayen itace da gawayi, hayaƙi ya daina cika ɗakin girki, ƙudaje su ragu a garke. Abin da ya kwararo ta ɗaya ɓangaren kuma taki ne, har manoman maƙwabta kan zo roƙo.

Amma duk wannan alheri yana rataye ne a kan shafen kubba. Mu shafe muke yi hawa-hawa, kowane ya sha ruwa ya kama kafin na gaba, a ƙarshe a bi da fenti mai toshe ƙofofin iska. Sannan mu hura iska ciki, mu sa ma'auni, mu kwana muna dubawa. Idan ya sauka, a sake.

Magina masu kwaikwayon aikinmu ba ruwansu da wannan. Su rage siminti, su ƙara yashi, su karɓi kuɗi su tafi. Kubbar ta tsage, mithen ya riƙa sulalewa sama, alhali ya fi hayaƙin kabon ɗumama duniya fiye da sau 25. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi kuwa mai gida sai ya yi ta cewa fasahar ce ba ta aiki.

Bara na gyara wani irin wannan. Ko tarkon ruwa, wato wurin da ke tare ruwan da ke taruwa a bututun gas, ba su sa ba, raɓa ta taru ta toshe gas, ga ruwan sabulun wanki ana ta zubawa a ramin, ya kashe ƙwayoyin. Sai da muka kwashe shi tas, muka sake shafe, muka zuba ɗanyen kashi, kafin wuta ta kama a mako na uku.