Ƙaramin tabki a tsakar gida: mazaunin kififiya a yanayin Damagaram

Duk shekara idan damina ta zauna, tabkunan Damagaram da na ƙauyukan kewaye suka cika, sai a fara ganin yara ɗauke da ƙananan kififiya a gwangwani ko a bokiti. Da yawa daga cikin waɗannan dabbobi ba sa kaiwa hunturu, kuma ba mugunta ce ke kashe su ba, rashin mazauni ne: ruwa ɗan kaɗan da ke ɓaci cikin yini guda, babu tudun hawa a sha rana, ga abinci irin namu da cikinsu bai saba da shi ba. Ina kiwon kififiya a tsakar gida, kuma na lura cewa yawancin shawarwarin da ake samu a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta wa junansu, shi ya sa maganarsu ba ta wuce na'urar ɗumama ruwa da fitilu. Mu a nan damuwarmu ita ce zafi, da ƙarancin ruwa, da ɗaukewar wuta, don haka dole tsarinmu ya sha bamban.

Kafin a sayi komai, ya kamata mutum ya san wace iri ce a hannunsa. Wadda ake kamawa a tabkunanmu galibi daga jinsin da masana ke kira Pelomedusa take, kuma ana gane ta da yadda take lanƙwasa wuyanta gefe guda ta sa shi ƙarƙashin ƙoƙo maimakon ta janye shi ciki, da kuma warin da take saki idan ta tsorata. Tsawon ƙoƙonta yakan tsaya wajen santimita 20, kuma idan tabki ya ƙafe takan binne kanta a cikin laka har ruwa ya dawo. Akwai kuma baƙuwa da masu sayar da kifin ado ke kawowa, mai jan zane a bayan ido, wadda asalinta kwarin kogin Misisipi ne a Amurka. Ana sayar da ita tana 'yar mitsitsiya, amma macen tana iya kai santimita 30, tana kuma iya rayuwa fiye da shekara ashirin. Tun 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da ita saboda yadda take mamaye ruwayen da aka sake ta a ciki, saboda haka wanda ya gaji da tasa kada ya kuskura ya kai ta tabkin Gidimuni ko wani tabki. Ita ma ta tabkunanmu namun daji ce, kuma Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, don haka ya dace a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a riƙe ta.

Yawan ruwa shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce kusan lita 15 ga kowane santimita na tsawon ƙoƙo, wato kififiya mai santimita 15 tana bukatar sama da lita 200, kimanin tano guda, wato ganga. Na san wannan adadi zai yi wa mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa nauyi, amma lissafin ba yadda yake a ido ba ne. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin ɓaci, don haka ana cika shi sau ɗaya ne a riƙa rage kaɗan ana ƙarawa, alhali ƙaramar roba sai an zubar da ita kaf kowace safiya. Akwatin gilashi yana da kyan gani, sai dai a ganina shi ne mafi raunin zaɓi a garin nan, domin yana da tsada, kuma idan rana ta same shi yana zafi da sauri. Na fi son kwamin siminti irin na shayar da dabbobi, ko tanon roba da aka tsaga ta tsawo, muddin bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba. Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke cin fata da ido, saboda haka sai an cika kwamin an zubar a kai a kai na wasu makonni kafin dabba ta shiga.

Abin da ake kwaikwaya shi ne bakin tabki, ba tsakiyarsa ba. A yi gangare daga wuri mai zurfi, wanda ya kai ninki ɗaya da rabi na tsawon ƙoƙo domin ta iya juyawa idan ta kife, zuwa wuri marar zurfi inda za ta tsaya a ƙasa ta miƙa wuya ta shaƙi iska ba tare da iyo ba. Pelomedusa ta fi yawan tafiya a ƙasan ruwa, don haka faɗi ya fi mata amfani a kan zurfi. A shimfiɗa yashi mai laushi da aka wanke har ruwansa ya fita garau, kaurin yatsu biyu zuwa uku, a kuma guji tsakuwa ƙanana, domin tana haɗiye su su toshe mata hanji. Dutse kuwa ba ma rasa shi a garin da manyan duwatsu suka kewaye tsohuwar unguwar Birni, sai dai a zaɓi wanda ya fi kanta girma, a kuma dasa shi daram, domin kififiya mai tono ce, kuma idan dutse ya danne ta a ƙarƙashin ruwa nutsewa za ta yi. Sai a jingina busasshen itace ko faffaɗan dutse wanda samansa ya fita daga ruwa ya bushe sarai.

Wannan tudu shi ne wurin shan rana, kuma a nan ne muka fi Turawa sa'a. Jikin kififiya yana bukatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB domin ya samar da bitamin D3, wanda da shi ne take iya amfani da sinadarin kalsiyam wajen gina ƙashi da ƙoƙo. Idan ta rasa shi ƙoƙon yakan yi laushi ya karkace. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ajiye ta kusa da taga ba ya wadatarwa. Su can suna sayen fitila ta musamman da ake sauyawa duk wata shida zuwa shekara, mu kuwa abin da ya rage mana shi ne mu san inda za mu ajiye kwamin. Wurin da na ga ya fi dacewa shi ne inda ranar safe ke faɗawa a kan tudun har zuwa hantsi, daga nan inuwar bango ko ta rumfar zana ta rufe ruwan. Ana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, tudun kuma tsakanin 30 da 35. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, roba da aka bari a fili tana iya kashe dabbar kafin azahar, don haka ma'aunin zafi ya fi kowane kayan ado muhimmanci. Da hunturu kuma ruwan yakan yi sanyi da dare, kififiya ta rage motsi ta ƙi abinci. Wannan ba ciwo ba ne, kuma bai kamata a tilasta mata ci ba, domin a cikin sanyi abinci ba ya narkewa a cikinta. Rufe kwamin da tabarma da daddare yana rage sanyin, yana kuma tare ƙura.

Tsabtar ruwa kuwa aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kashin kififiya da ragowar abinci suna sakin amoniya, wadda guba ce, su kuma waɗannan ƙwayoyi da ke zaune a jikin yashi da duwatsu suna sarrafa ta zuwa abin da tsiro ke sha. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, shi ya sa wanke yashi da sabulu ɓarna ce. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana da ke tura ruwa ta cikin bokitin tsakuwa da soso yana taimakawa ƙwarai, amma tun da ba a dogara ga wuta, gara a riƙa janye rubu'in ruwan da tiyo kowane mako, ana zuƙo dattin ƙasa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe domin sinadarin kulorin ya fita. Wanda aka janye kuma zogale ko lemo na maraba da shi.

Kainuwa ita ce tsiron da ya fi sauƙi, tana ba da inuwa da maɓoya, tana kuma shanye datti, ko da yake baƙuwar nan mai jan zane tana cinye ta. Sai dai duk abin da aka ɗebo daga tabki yana iya zuwa da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, don haka a ware tsiron a wata roba na wasu makonni ana duba shi, kuma kada a ba da katantanwar tabki a matsayin abinci. Abincinta kuwa, tsutsar tana, da gyare, da ɗanyar fara wadda ba ta ga gishiri ko yaji ba, da ƙananan kifaye da ƙashinsu, sun isa. Ƙarama a ba ta kullum, babba sau biyu ko uku a mako, gwargwadon girman kanta, kuma idan aka ciyar da ita a roba dabam ruwan kwamin ya fi daɗewa.

Kififiya mai ƙoshin lafiya ma tana iya ɗauke da ƙwayar Salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, wanda shi ne dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai santimita 10 ba tun 1975, domin yara kan kai su baki. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko ruwanta wajibi ne, kuma kada kayan aikinta su haɗu da na madafa. Murfin ragar waya mai makulli yana maganin matsaloli da dama lokaci guda, domin yana hana shirwa da kyanwa da gafiya ɗauke ƙananan, yana hana kififiya haurawa, tun da gwanar hawa ce fiye da yadda ake zato, yana kuma kare yaro mai rarrafe daga faɗawa ruwa. Idan mace ce, ko babu namiji tana iya ɗaukar ƙwai, kuma za a ga ta daina ci tana ta neman fita tana tono da ƙafafun baya. A irin wannan lokaci a haɗa mata akwatin yashi mai danshi, mai zurfin da ya kai tsawon ƙoƙonta, a gefen tudun, domin idan ta rasa wurin binnewa ƙwan yana iya tsaya mata a ciki, kuma wannan sai likitan dabbobi.