Abin da ya kamata a duba kafin a yi wa kwamfuta fomatin saboda lasisin Windows

Duk wanda ya daɗe yana mu'amala da kwamfuta a garin Bauchi ya san farin rubutun nan mai dishi-dishi da yake fitowa a kusurwar ƙasa ta hannun dama yana cewa "Activate Windows", wanda babu tagar da za ka buɗe ta rufe shi. Ɗalibai mazauna Yelwa da Gwallameji sun fi kowa kawo mini ƙorafinsa, galibi idan lokacin miƙa furojet ya matso. Abin da ya sa na ga dacewar yin wannan rubutu shi ne, maganin da aka saba yi wa matsalar a shagunanmu, wato a goge komai a ɗora sabon Windows sannan a bi shi da kirak (manhajar bogi da ke sa Windows ya nuna kamar yana da lasisi), sau da yawa shi ne ya haifar da ita tun farko, kuma yakan binne halastaccen lasisin da mai kwamfutar ya riga ya biya kuɗinsa ba tare da ya sani ba.

Tun shekarar 2001, lokacin da Windows XP ya fito, kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tantancewa, ta yadda shigar da lambar lasisi kaɗai ba ta wadatar, sai kamfanin ya tabbatar cewa lambar ta gaske ce kuma ba a yi amfani da ita a kan kwamfutoci fiye da yadda aka yarje ba. Lambar ta ƙunshi haruffa da alƙaluma 25, an kasa su gida biyar. A zamanin Windows 7 akan buga ta a jikin sitika a manna a ƙarƙashin laftof ko a cikin gurbin batir, kuma kowane tsohon mai gyara ya sha fama da sitikar da zafi da gogayya suka cinye rabinta. Daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka daina buga lambar a waje, suka koma ajiye ta a cikin BIOS, wato manhajar da ke dashe a jikin madabod, babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, inda fomatin ba ya isa. Da Windows 10 ya zo a ranar 29 ga Yuli, 2015, sai aka ƙara wani salo, inda sabar Microsoft, wato babbar kwamfutarsa da ake tuntuɓa ta intanet, take riƙe da shaidar kayan cikin kwamfutar da aka taɓa tantancewa, saboda haka ko an sake ɗora Windows daga tushe, da zarar an hau intanet zai tantance kansa, muddin nau'in da aka ɗora shi ne wanda lasisin ya ƙunsa.

Wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan laftof ɗin da ke hannun jama'a a nan tokumbo ne, waɗanda suka biyo ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso kasuwar Wunti ta Bauchi. Samfura irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad na ma'aikatu ne a ƙasashen da suka fito, kuma da yawansu sun baro masana'anta da Windows Pro a cikin madabod. Mai sayarwa kuwa yana da filashi guda ɗaya da yake ɗora wa kowace kwamfuta, ba ya tambayar abin da take ɗauke da shi.

Lasisin kansa iri uku ne. Akwai wanda mutum ya saya daban, wanda yake da damar ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta ya kai sabuwa, da sharaɗin ya daina amfani da shi a tsohuwar. Akwai wanda masana'anta ta haɗa da kwamfutar, shi kuma tare suke rayuwa da madabod ɗin, ba ya tashi. Sai na uku, wanda ma'aikatu da jami'o'i suke saye da yawa a dunƙule, kuma a nan ne akasarin rikicinmu yake, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin tantance lasisin ma'aikata ita ce wadda ake kira KMS. Ma'aikatar takan kafa sabarta a cikin gida, kwamfutocinta su riƙa tuntuɓar wannan sabar maimakon ta Microsoft. Tantancewar ba ta dindindin ba ce: kwana 180 take yi, kuma kwamfutar takan nemi sabuntawa duk bayan kwana 7. Kamar katin shaidar ma'aikaci ne, yana aiki matuƙar kana zuwa ofis ana sabunta maka. Idan kwamfutar ta bar ma'aikatar aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Najeriya, za ta ci gaba da neman sabar da ba za ta sake gani ba, har wa'adin ya cika ta fara sanar da kai cewa lasisinka ya kusa ƙarewa, tare da lambar kuskure 0xC004F074 ko 0x8007232B. Da yawa daga cikin kirak ɗin da ake yawo da su wannan tsarin suke kwaikwayo, sukan dasa sabar ƙarya a cikin kwamfutar. Ranar da Windows Defender, manhajar tsaro ta cikin Windows, ya gano ta ya cire, agogon kwana 180 ya fara bugawa ke nan, shi ya sa mutum yakan koma shago bayan wata shida yana cewa aikin da aka yi masa bai yi ƙarko ba.

Gane irin lasisin da ke kan kwamfuta ba ya cin minti biyu. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta cikin Windows, a rubuta slmgr /xpr, ƙaramar taga za ta fito ta faɗi ko tantancewar ta dindindin ce, ko kuma ta nuna ranar da za ta ƙare. Ganin kwanan wata a wurin alama ce ta lasisin ma'aikata ko kirak. Sai a rubuta slmgr /dli, wanda zai nuna nau'in Windows ɗin, da hanyar da lasisin ya biyo, da haruffa biyar na ƙarshen lambar. Idan ka ga VOLUME_KMSCLIENT kuma lambar ta ƙare da T83GX, to lambar gama-gari ce ta Pro da aka tanada domin KMS, ba mallakin kowa ba ce. Idan kuwa ta ƙare da 3V66T kuma Windows ɗin a tantance yake dindindin, kada hankalinka ya tashi, lambar da ake gani ke nan a kan Pro mai lasisin da ke ajiye a sabar Microsoft.

Wata ɗaliba ta taɓa shigo mini da EliteBook a cikin jakar goyo, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini, an ce sai an sake yi mata fomatin, ga shi furojet ɗina duk yana ciki, babi na huɗu nake." Na ce mata, "Zauna tukuna, Malama, bari mu tambayi kwamfutar da kanta." Umarnin farko ya nuna saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, na biyu ya nuna T83GX. Sai na buɗe PowerShell na rubuta Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select OA3xOriginalProductKey, OA3xOriginalProductKeyDescription, nan take lamba mai haruffa 25 ta bayyana, kusa da ita an rubuta Professional. Na kwafe ta, na shiga Settings, sashen Activation, na zaɓi canza lambar lasisi, ta kunna mana data daga wayarta, kafin ta gama amsa wani kira kwamfutar ta tantance dindindin. Ko fayil ɗaya ba a taɓa ba. Lasisin yana nan a cikin madabod tun ranar da aka ƙera ta, wani ne kawai ya ɗora kirak a kansa.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Idan bayanin ya nuna Core, ma'anarsa Home ke nan, kuma lambar Home ba ta buɗe Pro. Za ta ƙi karɓuwa, sau da yawa da kuskure 0xC004F050. Babu kuma hanyar da aka tanada ta saukowa daga Pro zuwa Home ba tare da sake ɗora Windows ba. A nan fomatin ya zama dole, amma sai an kwashe fayiloli, an kuma ɗora daga filashin da aka haɗa da manhajar Microsoft ta asali, wadda takan karanta lambar madabod ta zaɓi nau'in da ya dace da kanta. Mutane da dama suna raina Home, suna ganin Pro ya fi sauri. Ba haka ba ne. Bambancin yana wajen abubuwa irin su BitLocker, mai kulle bayanan had dis, da haɗa kwamfuta da tsarin ma'aikata, waɗanda ɗalibi mai buga Word da Excel ba zai taɓa nema ba.

Akwai kuma wata ƙofa da aka rufe wadda har yanzu wasu masu gyara ba su ankara ba. Tayin hawa Windows 10 kyauta daga Windows 7 da 8.1 ya ƙare a hukumance ranar 29 ga Yuli, 2016, amma tsofaffin lambobin sun ci gaba da karɓuwa shekaru da dama, har zuwa watan Satumba na 2023 da Microsoft ya toshe hanyar. Saboda haka sitikar Windows 7 da ke ƙarƙashin tsohuwar kwamfuta ba za ta ƙara tantance sabon Windows 10 ba, sai dai idan an taɓa hawar da kwamfutar kafin lokacin, wanda a nan shaidarta tana ajiye.

Wani lokacin ma lasisin lafiyarsa ƙalau, agogo ne ya ɓata. Akwai ƙaramin batir mai siffar kwabo a jikin madabod, galibi CR2032, wanda yake riƙe kwanan wata idan an kashe kwamfuta. A wurinmu, inda kwamfutocin tebur na shagunan buga takardu suke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma rabin laftof ɗin babban batirinsu ya daɗe da sallama, da zarar wannan ƙaramin ya yi sanyi sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Sabar Microsoft ba ta amincewa da kwamfutar da agogonta ya kauce haka, sai ka ga 0x80072F8F. A gyara kwanan wata, a saita yankin lokaci a kan na Afirka ta Yamma ta Tsakiya, wanda yake gaban na Greenwich da awa ɗaya, a canza batirin, magana ta ƙare.

Canza madabod ya fi wannan nauyi. Ƙara RAM ko sauya had dis da SSD ba ya taɓa lasisi a bisa al'ada, amma sabon madabod a wurin Microsoft sabuwar kwamfuta ce, kuma abin da yakan biyo baya shi ne 0xC004F213 ko 0x803F7001, wato ba a sami lasisi a kan na'urar ba. Tun 2016 aka ba da damar ɗaure lasisi da asusun Microsoft, ta yadda bayan gyara mutum zai shiga asusunsa ya bi ta Troubleshoot a sashen Activation ya nuna cewa ya canza kayan ciki. Sai dai ɗaurin kafin lalacewa ake yin sa, kuma ya fi tabbas ga lasisin da aka saya daban. Abin da nake yi idan na sa madabod na tokumbo shi ne in fara duba ko shi ma ya zo da tasa lambar, domin sau da yawa yakan zo da ita.

Game da lambobin da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, ra'ayina a bayyane yake. A shagon Microsoft, Windows 11 Home dala 139 ne, Pro kuma kusan dala 200, saboda haka wanda ya sayar maka da Pro a kan 'yan canji, akwai inda ya samo shi. Yawanci lambar wata ma'aikata ce da aka raba wa mutane barkatai. Takan yi aiki a ranar farko, amma idan aka zo sake ɗora Windows sai a tarar an toshe ta da 0xC004C003, ko kuma adadinta ya cika da 0xC004C008, mai sayarwar kuma ya daina amsa saƙo.

Kirak ya fi ba ni tsoro, kuma dalilina bai tsaya ga batun halasci ba. Akasarinsu sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe Windows Defender, sannan ka ba su cikakken iko a kan kwamfutar, alhali ba ka san hannun da suka biyo ba kafin su iso filashin mai gyara. A shagon buga takardu, inda ake shigar da lambar NIN da BVN na mutane daga safe har dare, wannan kasada ce da dukiyar wasu. Garin neman gira ake rasa ido, domin Windows 10 ko 11 da ba a tantance ba yana aiki, Windows 11 kuma yana karɓar sabuntawar tsaro kamar kowane. Abin da aka hana shi bai wuce canza hoton bango da launuka ba, sai wancan rubutu na kusurwa. Wanda ba shi da halin saye yanzu, zama da rubutun ya fi masa aminci, ko kuma ya gwada Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, waɗanda ba su da batun tantancewa gaba ɗaya.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma hakan bai soke lasisin kowa ba. Halastaccen lasisin Windows 10 yana tantance Windows 11 na nau'i ɗaya kyauta, Home zuwa Home, Pro zuwa Pro, idan kwamfutar tana da sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa da ke cikin jerin da aka amince da su, wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 yake farawa. Wanda zai sayi tokumbo yanzu ya haɗa waɗannan tambayoyin a zama ɗaya tun yana gaban mai shago: ya sa a buga slmgr /xpr a kan idonsa, a duba lambar madabod, a kuma nuna masa zubin furosesar. Idan kwanan wata ya fito a tagar kuma madabod ɗin babu lamba, to kwamfuta ce ba lasisi, sai a yi cinikinta a kan haka.