Daƙiƙa 54.61

Yau da yamma ƙanwata ta miƙo mini wayarta domin in kalli tsohon bidiyon tseren da Nawal El Moutawakel, 'yar ƙasar Maroko, ta yi a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, shekarar da aka fara tseren mita 400 na tsallake shinge na mata a Olamfik. Ta ƙetare shingaye goma cikin daƙiƙa 54.61, ta zama Balarabiya ta farko da ta ci zinare a Olamfik. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta ɗauki jar tutar ƙasarta tana zagaya filin da hawaye a fuska, ga ta 'yar mitsitsiya a tsakanin dogayen abokan karawarta.

Sarki Hassan na Biyu na Maroko ya kira ta a waya, ya kuma ce a raɗa sunanta ga jariran mata da aka haifa a ranar. Sau uku na maimaita bidiyon, ina tunanin waɗancan takwarorin nata da yanzu suka haura shekara 40, ko an taɓa nuna musu tseren da ya samar musu da suna.