Godiya ga duk waɗanda suka sa hannu a shirin jarida na ɗakin karatunmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, Allah Ya nufa mun rufe shirin karatun jarida da muka gudanar a ɗakin karatun makarantarmu ta 'yan mata a nan Kano a zangon da ya ƙare. Ni ce mai kula da ɗakin, kuma akwai mutanen da ba zan iya bin su gida-gida in gode musu ba, shi ya sa na rubuto wannan.

Godiyata ta farko ga Hajiya shugabar makaranta, wadda ta ware mana lokaci bayan sallar azahar ranar Laraba, duk da cunkoson darussan masu shirin WAEC da NECO. Sai ƙungiyar iyaye da malamai da ta ɗauki nauyin sayen Aminiya da Daily Trust. Kafin wannan, da yawa daga cikin yaran nan ba su taɓa buɗe jarida da niyyar karatu ba, sai dai su gan ta an ƙunso musu ƙosai ko tsire a ciki. Labari kuwa suna jin sa a rediyo, babu wadda ba ta san Inda Ranka na Freedom ba, sauran kuma a WhatsApp ɗin iyayensu mata.

Baba, dattijon unguwarmu kuma tsohon malamin firamare, ba ni da bakin gode maka. Da ƙafarka ka zo mana da tsofaffin jaridun da ka daɗe kana adanawa a akwatin ƙarfe, har da Gaskiya Ta Fi Kwabo, takardun sun yi jaja-jaja, gefensu yana marmashewa. Ka zauna a tabarma ka ba yaran labarin yadda aka fara buga ta a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, da yadda mutum ɗaya mai ilimin boko kan karanta wa jama'a a ƙofar gida. Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ka zaro Alfijir, jaridar ajami ta kamfanin Triumph. Wata ɗaliba da ba ta cika magana a aji ba, saboda Turancinta bai nuna ba, ita ta karɓa ta karanta mana shafi guda tiryan-tiryan, ƙawayenta suka kewaye ta suna leƙe. Tun daga ranar ta riƙa riga kowa zuwa.

Sai 'yan jaridar da suka baro aikinsu suka zo, ba mu ba su ko kuɗin mai ba. Anti, wakiliyar ɗaya daga cikin gidajen rediyon garin nan, ke kika koya musu tambayoyin da ake gina rahoto a kansu: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, me ya jawo, ta yaya. Kika kuma kafa musu doka cewa ba a kawo labari da “an ce”, sai a faɗi wanda ya ce, kuma duk wanda aka ɗora wa laifi sai an je an ji ta bakinsa. A ganina wannan darasi shi ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya, domin yaran nan suna tasowa ne a lokacin da saƙon murya guda ɗaya kan tayar da hankalin unguwa kafin magariba.

Mun ga amfaninsa da idonmu. Rukuni ɗaya ya zaɓi yin rahoto kan famfon tuƙa-tuƙa na bayan makaranta da ya daɗe a lalace. Rubutunsu na farko cike yake da zargi, wai an tara kuɗin gyara an cinye. Anti ta mayar musu da shi da jan biro, ta ce su koma. Da rakiyar malama suka je wajen 'yan garuwa suka tambayi kuɗin jarka, suka ji ta bakin matan layin, sannan suka yi sallama da mai unguwa. Allah Ya ƙara maka girma, ranka ya daɗe, ka karɓe su kamar manyan baƙi, ka fito da littafin da ake rubuta gudummawa ka nuna musu abin da aka tara da abin da mai gyara ya nema. Ashe kuɗin ne bai kai ba. Haka suka sake rubuta labarin, muka liƙa a jaridar bango, iyayen da suka zo ranar rufe shiri suka karanta, wasu suka cike giɓin a nan take.

Ban manta da malamin Hausa da ya sha fama da gyaran ƙa'idojin rubutu ba, musamman raba kalma da haɗe ta, da malamin kwamfuta da ya ba mu aron injin buga takardu, da Baba maigadi da ke jiran mu har mu kulle ɗaki. Iyayen da suka amince 'ya'yansu mata su fita tattara labari kuwa, na san ba ƙaramin abu kuka yi ba, kuma mun riƙe amanar.

'Yan matana, ku ma na gode. Mai son karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ta dage da Turanci da Hausa tun yanzu, ta kuma ci gaba da rubutu a lokacin hutu.

Zango mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shigo da 'yan ƙananan azuzuwa, kuma muna so mu ɗinke jaridun da muka tara wata-wata don kada su lalace. Duk mai tsofaffin jaridun Hausa ko mujallu a gida, ko mai sana'ar ɗinkin littafi da zai taimaka, ya neme ni a makaranta. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya sa a mizani.