Addinin da ya shigo gidanmu ta bakin makafi

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta yi boko ba, ajami ma da ƙyar take haɗa baƙi. Amma in ka tambaye ta farillan alwala, ko abin da mutum zai tarar a kabari, ko sunayen matan Manzon Allah (SAW), za ta jero maka su babu tuntuɓe. Sai dai kafin ta amsa takan ɗan yi gunguni a maƙogwaro, ta kamo karin tukuna, sannan magana ta biyo baya. In ka katse ta a tsakiya, sai ta koma farkon baiti. Duk abin da ta sani na addini a waƙe yake ajiye a kanta, kuma da shi ta yi salla, ta yi azumi, ta yi wa matan unguwa wankan gawa har ƙarfinta ya ƙare.

A cikin birnin Zariya na tashi. Ran Juma'a da hantsi makafi sukan zagayo su biyu ko uku, kowa da sandarsa, ɗan jagora a gaba riƙe da ƙoƙo. Su tsaya a bakin zaure, babbansu ya ja baiti, sauran su karɓa. Babu ganga, babu kalangu, sai sandar da ake dungurawa a ƙasa in an zo gaɓa. Matan gida ba sa fitowa, amma za ka ji daka ta tsaya cak. Iya takan zubo gero a kwano ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, ɗan nan. Kada ka ba shi sai ya dire baitin, ba a katse wa malami magana." Malami take ce masa, ba almajiri ba, kuma har yau ina ganin ita ce ta faɗi daidai.

Abin da suka fi rerawa shi ne Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Shi ma makaho ne, mutumin ƙasar Zazzau, ya rasu a 1990, kuma kafin rasuwarsa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinsa shi ne inda ya samo karin waƙar. Daga caji ya ɗauko shi, kiɗan dandali na samari da 'yan mata, irin wanda malami ba zai so a gan shi a wurinsa ba. Kunnuwan mutane sun riga sun saba da wannan karin, yara suna yin sa a hanyar rijiya. Malam Aliyu bai tsaya yaƙi da kunnen jama'a ba. Ya bar musu karinsu, ya cika shi da yabon Annabi, da tuna mutuwa, da labarin hisabi. Wanda jiya yake taka rawa da wannan sautin, yau da shi yake tuna ranar da za a kwantar da shi a dama. Ban san wata dabarar wa'azi da ta fi wannan sanin halin ɗan Adam ba.

Ba shi ya fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafansa da Larabci domin malamai, amma da ya so magana ta isa rugage da ƙauyuka, sai ya yi waƙoƙi da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta cikin Hausa. Ita ce ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa wurinta. Su zo su haddace waƙa, su koma gida su koya wa waɗanda aure da goyo suka hana fita. Babu rediyo a lokacin, babu injin buga littafi, takarda kuma tsada gare ta. Baiti mai kari da amsa-amo shi ne abin da mace za ta ɗauka a ka ta yi tafiyar kwanaki da shi, ta isa bai zube ba. Duk sanda na ji ana cewa matan zamanin baya ba su san komai ba, Asma'u da jajinta nake tunawa, da irin su Iya waɗanda suka gaji wutsiyar wannan aikin ba tare da sun san sunansa ba.

Inda rigima take shi ne kiɗa, kuma a gidanmu ma ta shiga. Ƙanin mahaifina, Baffa, ɗan Ƙadiriyya ne na gaske. Kowace shekara in watan Rabi'us Sani ya kama, sai ya tafi Kano Maukibi, tun Shehu Nasiru Kabara yana raye. Baba kuwa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi yake bi a Rediyon Kaduna, kuma bayan an kafa Izala a Jos a 1978 ya karkata can. In sun zauna a zaure bayan isha'i, maganar ba ta wuce bandiri.

Baffa ya ce, "Yaya, ai ka san hadisin Nana A'isha. 'Yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Manzon Allah ya ce a ƙyale su."

Baba ya ce, "Na sani, Malam. Ranar idi ce, wasa ne aka bari. Ina aka ce a mai da shi ibada?"

Haka za su yi ta yi har shayi ya huce. Abin da ban taɓa ji sun yi musu a kansa ba shi ne waƙar kanta. Dukansu sun san Hassanu ɗan Sabitu yana kare Annabi da baitoci, sun san Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo neman gafara da ƙasida aka lulluɓa masa mayafi, sun san Sahabbai suna rera baiti suna haƙa ramin Handaƙu. Ayoyin ƙarshen Suratus Shu'ara'i da suka zargi mawaƙa, su ne kuma suka ware waɗanda suka yi imani suka yawaita ambaton Allah. Fatar da aka ɗaura a katako ce kawai ta raba 'yan'uwan nan biyu. Ba sabon abu ba ne kuma. Shehu Usmanu ya soki kaɗe-kaɗen sarakunan Hausa, daga baya ya sassauta a kan wasu, ƙaninsa Abdullahi na Gwandu kuwa ya fi shi tsanantawa. In manyan nan biyu sun saɓa ba su daina zama 'yan'uwa ba, ban ga dalilin da zai sa a daina gaisawa da maƙwabci a kan bandiri ba.

Baffa ya taɓa tafiya da ni wurin zikirinsu a wani daren Juma'a. Kafin a fara, wani saurayi ya kara bandirin kusa da garwashi, yana shafa fatar da tafin hannu, yana ɗan ƙwanƙwasawa ya ji ko ta yi tauri. Aka yi sahu. Mai jan ƙasida ya fara a hankali, kiɗan yana bin sa daga baya, ba ya gabansa. Can sai aka shiga amfasu, kalmar Allah tana fita tare da numfashi daga ƙirji, kafaɗu suna tashi suna sauka tare. Dattijon da ke gefena, wanda na sani yana sayar da goro a bakin kasuwa, hawaye suna bin gemunsa, bai ma san ina kallonsa ba. Ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci a kan wannan. Amma na ga mutumin da ya wuni yana cinikin kobo-kobo ya manta da kasuwa gaba ɗaya, ba abin da ke bakinsa sai sunan Ubangijinsa, kuma ba zan iya raina abin da ya kai shi nan ba.

Baba ba ya zuwa Maulidi, amma ya yi karatun zaure tun yana yaro, kuma a can ya haddace Ishiriniyya, ƙasidar nan ta Larabci ta yabon Annabi. In yana gyaran kekensa a tsakar gida, sai ka ji tana fitowa daga bakinsa da karin nan na malaman Zazzau, mai ja a ƙarshen ɗango. Alfazazi, wanda ya yi ta, mutumin Andalus ne, ya rasu a Maroko a 1230, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da kowane baitinta mai ɗango biyar, ta ratso Sahara a cikin gafakar malamai, ta zauna a nan har ta zama tamu. Ra'ayin Baba ya sauya a kan abubuwa da yawa, amma son Annabi da ya shiga jikinsa ta hanyar wannan karin bai motsa ba. Na lura kuma in Baffa ya ji yana yi, sai ya ɗauki ɗango na gaba a hankali, Baba bai taɓa hana shi ba.

Alƙur'ani ba waƙa ba ne, shi da kansa ya faɗa a Suratu Yasin. Duk da haka Annabi ya ce a ƙawata shi da murya, ya kuma yabi muryar Abu Musa Al'ash'ari. Ko a wurin tafsirin azumi, kowa ya san masallaci yakan cika saboda malam, yakan kuma cika saboda alaramma mai jan baƙi. Maƙwabtanmu Kiristoci na Wusasa ma sun san wannan sirrin. In zumuntar mata suka ɗauki waƙa da Hausa, suna buga tulu da kacau-kacau, tsohuwar da ba ta iya buɗe littafi ba ita ce take fin kowa sanin baitin.

Abin da ke damuna yanzu shi ne waƙoƙin bege na situdiyo. Ba zan zargi matasa don sun ari sautin finafinai ba, tunda Malam Aliyu ma aro ya yi. Amma shi da ya aro karin caji, ilimi ya zuba a ciki: sira, fiƙihu, tauhidi, duk a auna. Da yawa daga na yanzu in ka kashe fiyano, ka cire na'urar gyaran murya, ka rubuta kalmomin a takarda, layi biyu ne ake ta maimaitawa. Wasu kuma garin zafin so sukan furta abin da ko shehunan ɗariƙarsu ba su yarda da shi ba, a wayi gari gari ya rikice. Akwai masu kyau a cikinsu, kuma da ji ka san sun zauna gaban malami kafin su shiga situdiyo. Su nake so a riƙa ɗagawa. Wanda zai yabi Annabi ya fara karanta tarihinsa, ya koyi aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ya kai baitocinsa a duba masa kafin ya sake su a TikTok.

Makafin nan kuwa sun yi ƙaranci. Waɗanda nake gani a bakin masallacin Juma'a yanzu, da yawansu ƙaramar lasifika ce a rataye a wuyansu tana yi musu. Imfiraji tana nan a buge a littafi, amma littafi ba ya nuna inda ake ja da inda ake direwa. Akwai tsofaffin mata a lungunan Zariya da Sakkwato da Katsina da Damagaram da suke riƙe da waƙoƙin da ba a taɓa naɗar muryarsu ba. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Ni na fara da wata gwaggon mahaifiyata, tana da waƙar farillan salla da ta hajji, kuma ta ce in zan dawo in zo da safe, don da yamma muryarta takan dushe.