Abin da Ɗaga Gaban Hilux Ya Koya Mini a Gareji

A shekarata ta biyu a gareji aka kawo mana wata tsohuwar Toyota Hilux mai jan taya huɗu, irin waɗanda aka ƙera kafin 2005, mai ita yana so a ɗaga gabanta ya daidaita da baya. Irin waɗannan motoci ba su da nannaɗaɗɗen sifirin a gaba, kuma da yawansu, har da wannan, sanda suke da ita a madadinsa. Doguwar sandar ƙarfe ce a kowane gefe, kanta ɗaya a jikin hannun da ke riƙe da taya, ɗayan kuma a can baya jikin shasi, inda wani dogon noti yake riƙe da ita. Idan taya ta hau tudu, sandar takan murɗe, sannan ta warware.

Da na ga noti ne kawai za a ɗaure, sai na raina aikin. Na ɗauki sifana na yi ta juyi ba tare da na ɗaga motar da jak ba, ban kuma ƙirga juyin kowane gefe ba. Gaba ya tashi kusan inci 3, amma motar ta karkace, kuma da muka fita gwaji a kan gargada sai ta riƙa dukan ƙasa kamar amalanke.

Maigidana bai yi faɗa ba. Ya sa na durƙusa, ya haska mini robar da ke tsayar da hannun sama na tayar idan ta sauka, wadda ta riga ta manne da ƙarfe, ya ce, "Yaro, ina tayar nan za ta je idan ta faɗa rami?" A nan na gane cewa ɗaure notin ba ya ƙara wa taya filin motsi, ba ya kuma canja ƙarfin sandar. Abin da aka samu na tsawo, daga filin saukar taya aka cire shi, shi ya sa tafiya take yin tauri, shaf ɗin gaba mai juya taya ya karkata har robarsa ta yage ta zubar da giris, boljoyin, wato mahaɗin hannun da taya, kuma ya mutu da wuri.

Muka sake aikin daga farko a kan shimfiɗaɗɗen siminti. Muka ɗaga motar, muka sassauta, muka riƙa aunawa daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi, ana zagayawa da ita kafin kowane sabon awo domin ta zauna. Mun tsaya a inci 1 da rabi, sannan aka kai ta wajen masu saita taya, tun da ɗagawar takan sauya tsayuwar tayoyi ta cinye gefensu.

Mai motar ya so ƙari, amma maigida ya tuna masa cewa da gangan aka ƙera bayan a-kori-kura sama da gaba, saboda kaya. Buhunan masara yake ɗauka, kuma da an loda ashirin, bayan zai sauka, fitilun gaba su koma haska idon direbobin da ke tahowa.